Nas na Ɗakin Tiyata: Aikinsa, Horonsa da Namu Rabon

 A wannan fitowa za mu ɗan jingine zancen taki da iri, mu duba wani sha'ani na asibiti wanda ya shafi kowane gida a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa.

Da wuya a sami ƙungiya cikin ƙungiyoyinmu wadda ba a taɓa shigar da wani nata ɗakin tiyata ba. Wani matarsa ce naƙuda ta yi wa gardama, sai da aka yi aiki aka ciro jaririn. Wani ƙaba ce ta murɗe shi yana tsakiyar huɗa. Wani ɗansa ne zazzaɓin taifot ya huda wa hanji. Wani babur ne ya kayar da shi a hanyar kasuwar Sheme, ƙashi ya fito waje. Wani kuwa, a shekarun nan na rashin tsaro, harsashi ne. In Allah ya sa mai ciwo ya tashi, mukan ce, "Likita ya yi ƙoƙari." Gaskiya ne, ya yi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai waɗansu ma'aikata a ɗakin nan waɗanda ba mu cika ganin fuskarsu ba, gama kullum a rufe take da takunkumi. Su ne ma'aikatan jinya na ɗakin tiyata, watau nas-nas ɗin da aka ba horo na musamman domin wannan aiki. Bayan ikon Allah, ran mai ciwo yana rataye ga gwanintarsu kamar yadda yake rataye ga ta likita. Gwanintar nan kuwa koyonta ake yi, ana kuma ta sabunta ta muddin mutum yana bakin aiki. Abin da muke so mu bayyana ke nan, kāna mu nuna inda mu manoma muke da hannu a ciki.

SU WA KE CIKIN ƊAKIN?

Ban da likitan da ke yanka, ana bukatar aƙalla mutum uku kafin a yi babban aiki yadda ya kamata.

Na fari shi ne nas mai miƙa kayan aiki. Shi ma yakan wanke hannu, ya sa riga da safar hannu daidai da likita. Tun kafin a shigo da mai ciwo ya riga ya jera wuƙaƙe, da almakashi, da hantsaki iri iri, da allura da zare a kan tebur, kowanne a mazauninsa. Gwani a wannan aiki ya san matakan tiyatar daga farko har ƙarshe, saboda haka kafin likita ya buɗe baki ya riga ya sa masa abin da yake so a tafin hannu. Sa'ad da jijiya ta ɓalle jini ya yi tsartuwa, ba lokacin lalube ba ne.

Na biyu shi ne nas mai zagayawa. Shi ba ya taɓa kayan da aka tsabtace. Shi ne mai karɓar mai ciwo a bakin ƙofa, ya tabbatar da sunansa da irin aikin da za a yi masa, ya ga an sa hannu a takardar yarda. Shi ne mai gyara fitila, mai kawo ƙarin kaya, mai aikawa a karɓo jini, mai rubuta duk abin da aka yi. Idonsa kuma yana kan kowa. In ya ga safar hannun wani ta goga wurin da ba shi da tsabta, tilas ya faɗa a sake ta, ko da ta babban likita ce.

Na uku shi ne mai ba da maganin barci. A asibitocin koyarwa akwai likitoci na musamman domin wannan, amma a manyan asibitocin gwamnati da yawa na Arewa nas ne wanda ya yi kwas a kai. Shi ke yin allurar gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, irin wadda aka fi yi wa mata masu haihuwa, ko kuwa ya sa mutum barci gaba ɗaya. Daga nan ba ya ɗaga ido daga numfashin mai ciwo, da bugun zuciyarsa, da awon jininsa. Akwai wani ɗan abu da yake maƙala wa mutum a yatsa, mai nuna yawan iskar oksijin a cikin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. In ya sauka ƙasa da 90, to, akwai hatsari, sai a yi maza. Wannan ɗan abu yana da amfani ƙwarai a gare mu, domin a baƙar fata ba a saurin ganin leɓe ya sake launi in iska ta yi ƙaranci.

YAƘI DA ABIN DA IDO BA YA GANI

Fatar mutum kamar darni ce da aka kewaye gona da shi. Ranar tiyata an buɗe darnin da gangan, ƙwayoyin cuta kuwa ba a ganinsu balle a kore su da sanda. Babban aikin nas na ɗakin tiyata shi ne ya tsare wannan ƙofa har a rufe ta.

Ba tun fil azal aka san haka ba. A shekara ta 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura mata suna ta mutuwa da zazzaɓi bayan haihuwa a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa, alhali su likitocin nan daga ɗakin binciken gawa suke fitowa. Ya sa dokar wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu na shekarar, wajen mata 18 cikin 100 ne suka mutu. Zuwa watan Yuni sun koma wajen 2 cikin 100. Bayan shekara 20, a 1867, Joseph Lister na birnin Gilasgo ya nuna cewa in aka tsabtace rauni da kayan aiki da magani mai kashe ƙwayoyin cuta, rauni ba ya ruɓa kamar dā. Safar hannu ta roba kuwa saboda wata nas aka fara yin ta. Sunanta Caroline Hampton, ita ce shugabar ɗakin tiyata a asibitin Johns Hopkins na Amurka wajen 1889. Maganin wanke hannu ya cinye mata fata, sai likitan da take aiki da shi, William Halsted, ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar roba mara kauri. Daga baya aka gane safar tana kāre mai ciwo ma, har ta zama doka a ko'ina.

Yau ga yadda ake yi. Mai shiga aiki yakan wanke hannu har gwiwar hannu, minti 2 zuwa 5. Kayan ƙarfe kuma, bayan an wanke su sarai, akan naɗe su a sa cikin wata tukunyar ƙarfe mai murfi a ɗaure, wadda ke turara su da tururi mai zafin digiri 121 har wajen rabin sa'a. Tafasasshen ruwa iyakarsa digiri 100, akwai kuwa ƙwayoyin da ke jure masa, kamar na cutar tetanos mai sarƙe haƙora. A jikin kowane ƙunshi akan manna wani tef wanda ke sake launi in ya sha zafin tukunyar. In nas ya buɗe tukunya ya ga tef bai sake ba, ba zai yarda a taɓa kayan ba. Saboda haka in aka ce muku an ɗaga aikin da ba na gaggawa ba domin kaya ba su kammala ba, kada ku ga kamar wulaƙanci ne. Ran ɗan'uwanku ake tsarewa.

ƘIRGA DA TAMBAYOYI

Mai kai buhuna kasuwar Yankara yakan ƙirga su sa'ad da ake lodi, ya sake ƙirgawa sa'ad da ake saukewa. Haka nas-nas biyun nan suke yi da kowane ƙyallen tsane jini, da kowace allura, da kowane hantsaki. Sukan ƙirga da ƙarfi, su biyu tare, kafin a fara, da sa'ad da za a rufe ciki, da kuma bayan an ɗinke fata. Ƙyalle in ya sha jini ya naɗe a bayan hanji, kamarsa ɗaya da nama. In aka bar shi a ciki, zai tara mugunya, mutum ya yi ta ciwo har a sake buɗe shi, wani ma ya rasa ransa. In lissafi bai cika ba, nas ne zai ce, "Likita, a dakata, saura ɗaya." Ba za a rufe ba sai an gano shi. Faɗin wannan magana ga na gaba da kai yana bukatar sani, yana kuma bukatar ƙarfin hali. Dukansu biyu a wurin horo ake samunsu.

A shekara ta 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai ɗauke da abubuwa 19 da za a tabbatar a kowace tiyata. An kasa su uku: kafin a ba da maganin barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin mai ciwo ya bar ɗakin. Tambayoyin masu sauƙi ne. Wannan shi ne mutumin? Wane gefe za a yanka, dama ko hagu? Akwai maganin da jikinsa ba ya so? An tanadi jini in ana tsammanin zai zubar da yawa? An yi masa allurar rigakafin ruɓewar rauni a kan lokaci? Ƙirga ta cika? Yawanci nas mai zagayawa ne ke karanta su, kowa yana amsawa.

An gwada takardar a asibitoci 8 na ƙasashe 8, har da wani asibitin karkara a Ifakara ta ƙasar Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna masu mutuwa bayan tiyata sun ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8 cikin 1,000. Masu samun matsala bayan aiki sun ragu daga 11 cikin 100 zuwa 7. Ba a sayi sabon inji ba, ba a gina sabon ɗaki ba. Ma'aikata ne aka koya wa tsayawa su tambayi juna.

BAYAN AN FITO

Mu 'yan jinya mukan ɗauka in an turo mai ciwo daga ɗakin tiyata yana numfashi, shi ke nan an tsallake. Ashe da sauran tafiya. A 2018 an buga wani babban bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, a kan mutane 11,422 da aka yi wa tiyata. Wajen 18 cikin 100 sun sami matsala bayan aiki, wajen 2 cikin 100 kuma sun mutu. Waɗanda aka yi wa aikin da ba na gaggawa ba, hatsarin mutuwarsu ya ninka na sauran duniya sau biyu, ko da yake sun fi ƙuruciya, ba su kuma cika fama da cututtukan tsufa ba. Abin lura shi ne, cikin waɗanda suka mutu, fiye da 9 cikin 10 a kwanakin da suka biyo bayan ranar aikin suka mutu, suna kwance a ɗakin jinya.

Dalili kuwa, matsala takan taso a hankali, ba a sami mai ganewa da wuri ba. Jini yana tsiyaya a ciki, bugun zuciya yana ƙaruwa, fitsari yana raguwa, jiki yana ɗaukar zafi. Nas mai horo in yana awo a kan kari zai ga alamun nan tun da sauran dama, ya kira likita. In nas ɗaya ne ke tsaron gadaje masu yawa da dare, ko kuwa ba a koya masa ma'anar abin da yake aunawa ba, sai a farga bayan aikin gama ya gama. Kamar gona ce: shuka rana ɗaya ce, amma noma da tsaro su ke kawo amfani gida.

YADDA AKE HORAR DA SU

Yaro ko yarinya mai son aikin jinya sai ya gama sakandare da kiredit 5, watau Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Daga nan sai karatu na aƙalla shekara 3 a makarantar jinya, ko shekara 5 a jami'a. A jiharmu akwai makarantar jinya a Katsina, da ta ungozoma a Malumfashi. Bayan ya gama, sai ya ci jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Ita kaɗai ke ba da rajista da lasisin aiki.

Wannan tushe ne kawai. Wanda zai ƙware a ɗakin tiyata, bayan ya yi aiki ya goge, sai ya koma kwas na musamman na kamar shekara guda a asibitin koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Jami'ar Ibadan. Can zai koyi kayan kowace irin tiyata, da sarrafa tukunyar tururi, da yadda ake kwantar da mai ciwo kada jijiya ta danne, da abin yi in zuciya ta tsaya. Kwas ɗin ba da maganin barci ya fi tsawo, wata 18 ne.

Ko bayan wannan ma ba a gama ba. Lasisin nas shekara 3 yake yi, kafin a sabunta shi kuwa sai ya nuna ya halarci kwas na ƙarin ilimi da hukumar ta wajabta. Dalilin dokar nan a fili yake. Ilimi yana sakewa: a dā akan aske wurin da za a yanka da reza tun daren jajibere, yanzu an gane ƙananan yankan reza mafakar ƙwayoyin cuta ne, an hana. Kayan aiki ma suna sakewa. Hannu kuma yana mantuwa. Abin da nas bai gamu da shi ba shekara biyu, kamar farfaɗo da jaririn da aka ciro ba ya numfashi, in bai riƙa gwadawa a kan mutum-mutumi ba, ranar da ya zo zai daburce. Fartanya komai kyan ƙirarta, in ba a wasa ta, dakushewa take yi.

Muna da misali mai kyau a jiharmu. Asibitin Babbar Ruga da ke kusa da Katsina, asalinsa wurin jinyar kutare ne na mishan. A farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a can, ya tarar da mata masu yoyon fitsari sakamakon doguwar naƙuda, ya shiga yi musu ɗinki. Bai tsaya ga yin aikin da hannunsa ba. Ya horar da ɗaruruwan likitoci da nas-nas daga Nijeriya da wasu ƙasashe, gama ya san ɗinkin ba ya kamawa sai an sami nas mai lura da robar fitsari dare da rana har mako biyu ko fiye, mai sa matar ta sha ruwa isasshe. Yau asibitin cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya domin wannan lalura.

HALIN DA MUKE CIKI

A 2015 wani kwamitin masana tiyata na duniya ya ƙiyasta cewa mutane biliyan 5 ba su da halin samun tiyata mai aminci wadda za su iya biya. Suka ce ma'auni shi ne, cikin sa'a 2 mutum ya iya kaiwa asibitin da ke iya abubuwa uku: ciro jariri, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje. Kowa ya auna ƙauyensa da wannan ma'auni, musamman da damina, musamman da dare. Yawancinmu Funtuwa, ko Ƙanƙara, ko Malumfashi muke nufa, in abin ya gagara a tura mu Shika ta Zariya ko Katsina. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin nan, akwai hanyoyin da ba a bi bayan magariba, ma'aikatan lafiya da yawa kuma suna gudun a turo su nan.

Daɗin daɗawa, waɗanda suka ƙware suna barin ƙasar. A farkon 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta bayyana cewa nas-nas wajen 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3. Su ma suna da iyali da bukatu, ba mu ga laifinsu ba. Amma in gwani ɗaya ya bar ƙaramin asibiti, ya tafi da abin da zai koya wa na ƙasa da shi. Wanda ya rage kuma ba ya samun izinin tafiya ƙarin karatu, domin babu mai riƙe masa aiki. Ta haka ɗakin tiyata yakan kasance da gini da fitila, amma babu hannu.

NAMU RABON

Mun san labarin Basamariyen nan da Ubangijinmu ya ba da misali da shi. Ya ɗaure raunin mutumin, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kuma biya mai masauki domin ya ci gaba da jinya. Kulawa, da abin hawa, da kuɗi. Ƙungiyar manoma tana iya duka ukun. Ga shawarwarinmu:

1. Asusun gaggawa. Da kaka, kowane ɗan ƙungiya ya ba da tiya biyu ko uku na masara ko waken soya, gwargwadon yadda kuka shirya. A sayar a ajiye a hannun ma'aji da shaidu biyu, kada a taɓa sai domin asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Nuwamba 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Sakataren ƙungiya ya je ya tambaya tun da wuri ko asibitin da kuke zuwa yana ciki. Ko da yana ciki, kuɗin mota da abinci suna wuyanku.

2. Tafiya da wuri. Ku san mai motar da za a buga wa waya. Macen da aka taɓa yi wa aiki a haihuwar baya, ko wadda aka ce mata ɗan ya kwanta a gicciye, kada ta jira naƙuda a ƙauye. In watanta ya kama, ta koma kusa da asibiti. Zumuntar Mata ta ƙauye ta shirya da ta cikin gari domin masauki. Ƙabar da ta fito ta ƙi komawa, ga amai, ba a kwana da ita.

3. Jini. Matasa su je a auna su, kowa ya san rukunin jininsa, sakatare ya rubuta. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, namiji lafiyayye kuwa yana iya bayarwa bayan kowane wata 3.

4. Bin doka. In nas ya ce kada a ci kada a sha, to, ko kunu kada a ba shi a ɓoye don tausayi. Wanda aka sa barci da abinci a ciki yana iya amai ya shaƙe, abincin ya shiga huhu. Ku faɗi gaskiya game da duk maganin da ya sha, har da jiƙo da sassaƙe. Bayan an sallame shi, kada a shafa toka ko man shanu ko wani gari a kan ɗinki. In wurin ya kumbura, ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma nan da nan.

5. Gudun 'yan ka-ci-ka-ci. Akwai masu yanka mutane a bayan shagon magani ko a ɗakin haya, da sunan araha. Ku tuna da tukunyar tururi, da ƙirga, da mai tsaron numfashi. Wurin da babu su, ba ɗakin tiyata ba ne. Nas ma, komai gwanintarsa, horonsa na taimakon likita ne, bai ba shi izinin buɗe ciki ba. Nas na ƙwarai shi da kansa zai gaya muku haka.

6. Renon namu. Wanda ya fi jure zama a Faskari shi ne ɗan Faskari. In akwai yaro ko yarinya mai ƙoƙari a darussan kimiyya, ƙungiya da ikkilisiya su haɗa hannu su ɗauki nauyin karatunsa na jinya, bisa yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya yi wa yankin aiki na wasu shekaru. In kuma muna da nas a bakin aiki wanda ya sami gurbin kwas na ɗakin tiyata, mu tallafa masa, mu lura da iyalinsa da gonarsa har ya dawo.

7. Riƙe waɗanda aka turo. Baƙon ma'aikaci in ya sami masauki mai kyau da mutunci, yakan daɗe. Mu daina zagi da ɗaga murya a bakin ɗakin tiyata. In akwai ƙorafi, akwai shugaban ma'aikatan jinya da kwamitin asibiti. Dattawanmu su haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, da masu unguwa da dagatai, a kai kuka ga ƙaramar hukuma da 'yan majalisa a kan ruwa, da wutar sola, da ƙarin ma'aikata, da izinin karatu. Asibiti ɗaya muke kwanciya, gado kusa da gado.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

Daga ƙauyenmu, sa'a nawa ake yi kafin a kai asibitin da ke tiyata, da rani da kuma da damina?

In yau da tsakar dare naƙuda ta gagari matar ɗan ƙungiya, wa zai kawo mota, wa zai ba da kuɗi, wa zai ba da jini?

Yara nawa muke da su a ajin kimiyya na sakandare, maza da mata? Wanne cikinsu za mu iya tsaya wa?

Muna roƙon sakatarori su rubuta abin da aka yanke, su aiko mana ta hannun fasto ko malamin gona, domin wata ƙungiya ta koya daga wata. A sujadar Lahadi kuma, sa'ad da ake addu'a domin marasa lafiya, a riƙa tunawa da masu jinyarsu. Allah ya ba su hikima da natsuwa, ya tsare su a hanya, ya ba ƙasarmu salama. Amin.